Sana'ar Renon Yara a Gida: Bayani ga Masu Reno, Iyaye da Shugabannin Al'umma

Gabatarwa

Kamar yadda jama'a suka sani, renon ɗan wani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni, uwa kan bar ɗanta wurin kakarsa ko goggonsa ko maƙwabciya idan za ta je unguwa. Abin da ya sauya shi ne yawan matan da aiki ke fitar da su daga gida kullum: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, ɗalibai, 'yan kasuwa, da matan da ke zuwa gona da damina. Saboda haka wasu mata suka mayar da reno sana'a, suna karɓar 'ya'yan mutane a gidajensu da safe, su mayar da su da yamma, a biya su lada.

Wannan sana'a halal ce, kuma ta dace da matar da ba ta fita, domin za ta sami abin rufin asiri ba tare da ta bar ɗakinta ba. Sai dai ta bambanta da sayar da ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula, domin jarin da ke hannun mai reno ran ɗan Adam ne. Idan hula ta lalace a ɗinka wata, amma yaron da ya faɗa rijiya ba shi da madadi. Wannan ne ya sa muka ga ya wajaba mu yi bayanin yadda za a tsara aikin.

Wace ce ta cancanci yin reno

Mai reno ta kasance babbar mace mai hankali da haƙuri, mai ƙoshin lafiya, wadda unguwa ta shaida halinta. Matar da ke fama da tarin da ya wuce mako biyu ta fara zuwa asibiti a gwada ta, domin tarin fuka yana saurin kama ƙananan yara. Haka kuma ta sami amincewar maigidanta da sauran mutanen gidan, saboda yaran za su shiga rayuwar kowa da kowa a cikinsa.

A nan muna so mu ja hankali kan wata al'ada da ta zama ruwan dare, wato ɗauko yarinya 'yar shekara takwas ko tara daga ƙauye a ba ta goyo a matsayin 'yar reno. Yarinya irin wannan ita kanta reno take bukata. Dokar Ilmin Bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan, kuma ta ɗora wa iyaye alhakin sa shi a makaranta. Har ila yau, Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Tarayya ta shekarar 2003 ta hana ɗaukar yaro aikatau a wajen gidansu ko danginsu. Don haka matar da ta karɓi kuɗin reno, sannan ta sakar wa ƙaramar 'yarta aikin ta hana ta zuwa makaranta, ta ci amanar gida biyu.

Yawan yaran da za a karɓa

Babban abin da ke jawo haɗari a gidan reno shi ne karɓar yara fiye da ƙarfin mai renon. Kuɗi na ƙaruwa da yawan yara, amma idon mace biyu ne, hannunta ma biyu. Shawararmu ita ce mace ɗaya kada ta riƙe yara fiye da biyar a lokaci guda, har da nata na cikinta da ba su isa makaranta ba. A cikin biyar ɗin kuma, waɗanda ba su iya tafiya ba kada su wuce biyu.

Dalilin wannan a fili yake. Idan gobara ta tashi, ko katanga ta fara zubewa da damina, mace za ta iya goya ɗaya, ta rungumi ɗaya, ta kora sauran a gabanta. Idan jarirai huɗu ne a kwance, wa za ta ɗauka, wa za ta bari? Wadda ke son ƙara yara sai ta nemi mataimakiya babbar mace. Bugu da ƙari, ta san maƙwabciyar da za ta tsaya mata idan ta kama dole a garzaya da wani yaro asibiti.

Shirya gida

Ba a bukatar ginin siminti ko kayan wasa masu tsada. Abin da ake bukata shi ne ɗaki mai iska da haske, da inuwa a tsakar gida, da kawar da abubuwan da ke halaka yara. Kafin a karɓi yaro na farko a tabbatar da waɗannan:

1. Rijiya ta sami murfi mai nauyi, masai ma haka. Randa, baho da bokiti a rufe su ko a kifar da su, domin ruwan da bai kai kamu ɗaya ba yana iya kashe yaro mai rarrafe.

2. A kange murhu da wurin suya. Kada a ajiye tafasasshen ruwa ko kaskon mai a ƙasa.

3. Kananzir, fetur, maganin ƙwari, maganin ɓera da takin zamani a ɗaga su sama ko a kulle. Kada a zuba kananzir a kwalbar lemo. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A kai shi asibiti nan take.

4. A ɗaure dabbobi nesa da wurin wasan yara, a share kashinsu. Janareta a ajiye shi waje, nesa da taga, domin hayaƙinsa na kisa ba tare da an ankara ba.

5. Gyaɗa, gurjiya, tsabar kuɗi da duwatsun ado a nisanta su da yaron da bai kai shekara uku ba, saboda shaƙewa.

6. Jariri a kwantar da shi rigingine, a cikin gidan sauro, kada a rufe masa fuska da zane.

Ga yankunan da ake haƙar ma'adinai akwai ƙarin gargaɗi. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Jihar Zamfara, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Gidan da ake daka ko niƙa irin waɗannan duwatsu bai dace da reno ba ko kaɗan.

Abinci da tsabta

Ma'aikatan lafiya sun yi ittifaƙi cewa jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa, ba koko, ba jiƙo. Uwar da ke aiki kusa ta riƙa zuwa shayarwa, kuma Dokar Ƙwadago ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana domin haka. Wadda ke nesa ta tatsa a kofi mai tsabta mai murfi, a ajiye a wuri mai sanyi, a ba jaririn da ƙaramin kofi kafin awa 4 ta wuce. Bulumboti yana da wuyar wankewa, kuma yana yawan jawo gudawa.

Daga wata 6 sai a fara ƙarin abinci, ana ci gaba da nono. Koko tsararo ba ya riƙe yaro. A yi kunu mai kauri, a haɗa da gyaɗa ko waken suya, a riƙa ba shi wake, ƙwai, kifi, kabewa, zogale da 'ya'yan itatuwa gwargwadon hali. Kowane yaro da kwanonsa da kofinsa, domin idan aka haɗa su akushi ɗaya, babba ne zai ƙoshi, ƙarami ya tashi da yunwa.

Mai reno ta wanke hannu da sabulu kafin girki, kafin ciyarwa, da bayan ta yi wa yaro tsarki. Kashin yaro a zuba shi a masai, ba a bayan ɗaki ba.

Kula da lafiya

Inda yara suka taru, cuta ba ta da wuyar yaɗuwa. Don haka mai reno ta nemi ganin katin rigakafin kowane yaro kafin ta karɓe shi. Ana yin rigakafi ranar haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, da wata 9, da wata 15, domin kariya daga tarin fuka, shan-inna, mashaƙo, tarin shiƙa, ƙyanda, shawara, sanƙarau da sauransu, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen shekarar 2022, ta kuma yi ɓarna a 2023 musamman a Jihar Kano, ta fi kama yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Haka nan idan ma'aikata suka zo rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da damina, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, a sanar da iyaye, a ba su haɗin kai.

Yaron da ya tashi da zazzaɓi, ƙuraje ko gudawa ya zauna wurin uwarsa har ya warke. Idan gudawa ta kama shi yana gidan reno, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na ƙunshi bisa umarnin da ke jikinsa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a aika wa iyaye. Amma akwai alamomin da ba a jiran kowa a kansu: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko jijjiga, ko numfashi sama-sama, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Da ganin ɗaya daga ciki sai asibiti, a kira iyaye a hanya.

Muna gargaɗi da babbar murya game da ba yara magani domin su yi barci a huta da kukansu. Wannan zalunci ne, kuma yana iya kisa. Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a shekarar 2018. Kafin nan, a shekarar 2008, wani gurɓataccen maganin haƙoran yara ya kashe yara sama da 80 a ƙasar nan. Mai reno kada ta ba ɗan wani kowane irin magani, na kanti ko na gargajiya, sai wanda ma'aikacin lafiya ya rubuta, iyaye suka kawo da hannunsu.

Tarbiyya da wasa

Reno bai tsaya ga ciyarwa da wanki ba. A shekarun farko ne ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin girma, kuma abin da ke gina ta shi ne magana da wasa da kulawa. Mai reno ta riƙa yi wa jariri magana tana kallon idonsa, ta amsa gwarancinsa, ta yi wa manyan tatsuniya da kacici-kacici, ta koya musu gaisuwa, addu'a, ƙirge da sunayen abubuwa. Ƙoƙo, ludayi, gwangwani marar kaifi da 'yartsana sun isa kayan wasa. Miƙa wa yaro wayar hannu domin ya yi shiru ba reno ba ne.

Duka da tsawa ba sa gyara yaron da bai san dama da hagu ba. Musamman kada a girgiza jariri don ya daina kuka, domin hakan na iya zubar masa da jini a ƙwaƙwalwa. Idan rai ya ɓaci, a kwantar da shi a wuri amintacce, a koma gefe har zuciya ta huce.

Yarjejeniya da iyaye

Yawancin saɓanin da ke tasowa tsakanin mai reno da iyaye, kunya ce ke haifar da shi: an ƙi yin magana a farko, aka zo ana rigima a ƙarshe. A zauna tun ranar farko a gaban shaidu biyu a yanke lokacin kawowa da na ɗauka, da kuɗin reno da ranar biya, da wanda zai kawo abinci, sabulu da ƙyallaye, da wanda zai biya kuɗin mota da na magani idan an kai yaro asibiti. Kafin mai reno ta faɗi farashi, ta lissafa abin da take kashewa na itace, ruwa da sabulu, sannan ta ɗora ladan wahalarta. Iyaye kuma su tuna cewa jinkirta haƙƙin mai reno tauye ɗansu ne.

Ta tanadi littafi guda, ko da wani ne zai rubuta mata, da boko ko da ajami. A ciki a sa sunan yaro, ranar haihuwarsa, lambar wayar iyaye, da sunayen waɗanda aka yarda su ɗauke shi. Duk wanda ba ya cikin littafin kada a ba shi yaro, ko da ya ce shi kawunsa ne, sai an ji daga bakin iyaye.

Nauyin da ke kan shugabanni

Muna kira ga masu unguwanni da dagatai da su san kowane gidan da ake reno a yankinsu, da yawan yaran da ke ciki. Jami'an walwalar jama'a da na lafiya matakin farko da duba-gari na ƙananan hukumomi su riƙa kai ziyara, su duba rijiya, masai da katunan rigakafi, su auna damtsen yara domin gano tamowa da wuri, su kuma tunatar da iyaye karɓar takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ziyarar ta zama ta gyara da koyarwa, ba ta tsoratarwa ko neman na goro ba, domin idan mata suka tsorata za su ɓoye aikin, yaran kuma su ne za su cutu. Amma inda aka ga alamun duka, yunwa ko lalata da yaro, ba a rufa wannan a cikin gida. A kai rahoto ga hukuma ba tare da ɓata lokaci ba.

Daga ƙarshe, muna roƙon waɗanda suka karanta wannan bayani da su isar da shi ga matan da ba su sami damar karantawa ba, a makarantun Islamiyya, da wuraren suna da biki, da ranakun awo a asibiti. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba masu reno ikon riƙe amana, amin.