An bar jaki ana dukan taiki: me ke sa ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi sandarewa?

Akwai wata irin kwamfuta da duka-duka girmanta bai wuce katin cire kuɗi na banki ba. Furosesa, ma'adanar aiki da ake kira RAM, kafofin USB da na intanet, duk a kan allo ɗaya suke. Wadda ta fi suna ita ce Raspberry Pi, wadda wata gidauniya a Kambirij ta ƙasar Ingila ta fara sayarwa a watan Fabrairun 2012 a kan dala 35. Akwai 'yan uwanta irin su Orange Pi da BeagleBone.

Ga gari kamar Mahuta, hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai a masarautar Zuru, wannan 'yar na'ura tana da amfani sosai. Wutar da take ci ba ta kai ta ƙwan fitila mai haske ba, don haka faifan sola ɗaya da batir sun riƙe ta. Ana iya ɗora mata Kiwix ta zama rumbun Wikipedia, har da ta Hausa, ɗalibai su riƙa karantawa ta wayoyinsu ba tare da sayen data ba. Ana iya ɗora mata Kolibri don darussan makaranta, ko a haɗa ta da na'urar auna danshin ƙasa a gonar gwaji, irin aikin da ya dace da ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru.

To amma duk wanda ya taɓa barin ta tana aiki dare da rana ya san halinta. Yau lafiya lau, gobe ka zo ka tarar ta sandare, ko tana kashe kanta tana kunnawa, ko allo ya cika da rubutun Turanci mai ɗauke da kalmomin "Kernel panic". Daga nan sai a yanke hukunci: manhajar ce ba ta da kyau. A goge kati, a sake ɗora sabuwa, bayan mako biyu a dawo gidan jiya. A yawancin lokuta kanel ɗin da ake zargi ba shi ya yi laifin ba. Shi dai ya kai rahoto ne.

Wane ne kanel ɗin ma?

Kanel shi ne zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Wanda ke cikin waɗannan alluna shi ne Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Aikinsa ya yi kama da na kamasho a tashar mota: shi ke cewa wace manhaja ce ke kan layin amfani da furosesa, wa za a ba wuri a RAM, wa zai rubuta a katin memori. Babu manhajar da ke taɓa ƙarfen na'ura kai tsaye sai ta hannunsa.

Idan wata manhaja ta yi shirme, kanel kan kore ta, sauran su ci gaba. Idan RAM ta cika taf, yakan zaɓi wata ya kashe, ya rubuta "Out of memory" a kundinsa. Amma idan ya duba nasa lissafin ya ga ya rikice, ko ya nemi fayil ɗin da ba zai iya aiki babu shi ba ya rasa, sai ya tsayar da komai da gangan. Wannan tsayawar ita ce "panic". Dalilinsa shi ne gara a rufe tasha da a ci gaba da lodi da rajistar da ta yage, domin abin da za a rubuta a kati daga nan zai iya lalata bayanan mutane. Tambayar da ta kamata ka yi kenan ita ce: me ya yaga rajistar?

Kafin ka taɓa komai, nemi shaida. Matsalar ita ce kanel da ya tsaya ba ya samun damar rubuta kalamansa na ƙarshe a kati. Hanyar da ta fi tabbas ita ce 'yar wayar USB zuwa siriyal mai bolt 3.3. A haɗa ta da fil na 6, na 8 da na 10 a jerin filolin allon, a sa layin enable_uart=1 a fayil ɗin config.txt, a buɗe ta a wata kwamfutar a gudun 115200. Duk abin da kanel ya faɗa yana gargara, a can zai fito. In babu wannan, ɗauki hoton allo da wayarka kafin ka zare wuta. Sannan ka sami littafi ka riƙa rubuta ranar da lokacin da abin ya faru, da agogon hannunka. Na ce agogon hannunka ne domin duk Raspberry Pi da aka yi kafin ta 5 ba ta da agogo mai batir. In wuta ta ɗauke kuma babu intanet, lokacin da za ka gani a kundinta ba abin dogaro ba ne.

Wannan littafin kaɗai kan warware rabin matsalar. Na'urar da ke mutuwa wajen asuba, batirin sola ne ya yi ƙasa. Wadda ke rikicewa bayan azahar a watan Afrilu, a duba zafi. Wadda ke faɗuwa daidai lokacin da aka ɗauke Nepa aka tada janareta, ai ta faɗi mai laifin da bakinta.

Caja da wayarta

A nan gizo ke saƙa. Raspberry Pi tana son bolt 5, kuma da zarar ya sauka ƙasa da kimanin 4.63 sai ta fara ƙorafi. Ta 3 tana buƙatar caja mai amp 2.5, ta 4 wadda ta fito a 2019 tana buƙatar amp 3, ta 5 kuwa cajarta ta kamfani mai amp 5 ce.

Mutum zai ce, "Ai wannan cajar tana cika mini waya lafiya lau." Gaskiya ne, amma waya tana da batir. In wutar caja ta yi rauni, wayar sai ta rage jan da take yi, ta cika a hankali, kai ba ka ma sani ba. Allon nan ba shi da wurin ajiya. Kuma jan wutarsa ba iri ɗaya ba ne: yana zaune shiru, sai ɗalibai goma su buɗe bidiyo a lokaci guda, jan ya yi tsalle cikin ƙiftawar ido. Idan bolt ya nutse a wannan ɗan lokacin, furosesa ko RAM na iya karanta sifili a inda ɗaya yake. Kanel ya ci karo da adireshin da babu shi, ya tsaya. Rubutun da zai fito a allo zai ambaci wani sashe na manhaja, gobe ya ambaci wani daban. Wannan ma alama ce: kuskuren manhaja yakan faɗi a wuri ɗaya ne kullum, na wuta kuwa yawo yake yi.

Abin da aka fi mantawa shi ne wayar cajar kanta. Mu yi lissafi. Siririyar wayar USB ta kasuwa, mai kaurin da ake kira lamba 28, tana da turjiya kimanin om 0.21 a kowace mita. Wuta tana zuwa ta dawo, don haka waya mai mita ɗaya tafiyar mita biyu ce, om 0.42 kenan. In allon ya ja amp ɗaya da rabi, a ninka: bolt 0.63 ya salwanta a hanya. Caja ta fitar da bolt 5 cif, abin da ya iso 4.37. Cajar ba ta yi ƙarya ba, wayar ce ta sha. Shi ya sa cajar kamfanin take fitar da 5.1, kuma wayarta mai kauri ce, a manne take, ba a cire ta.

Allon yana ajiye labarin wannan. Rubuta umarnin vcgencmd get_throttled. In amsar ta zo 0x0, lafiya. In ta zo 0x50000, wuta ta taɓa yin ƙasa tun da aka kunna. In 0x50005 ce, a yanzu haka da kake kallo tana cikin yunwa.

Ga masu sola, ni dai ban ga hikimar ɗaga bolt 12 na batir zuwa 230 da inbata, sannan a sake sauko da shi 5 da cajar waya ba. Asara ce sau biyu, kuma inbata na iya yankewa da kanta in batir ya yi ƙasa. Akwai 'yar na'urar rage bolt da ke karɓar 12 ta ba da 5.1 kai tsaye. A nemi mai ɗaukar amp 3 zuwa sama, a saita ta da mita, a sa gajeriyar waya mai kauri.

Katin memori

Na biyu a jerin waɗanda ake tuhuma shi ne katin microSD, inda duk manhajar take zaune. An ƙera shi ne don ajiye hotuna, sai ga shi an ɗora masa aikin da ake rubutu a kansa kowane minti. Ɗakunan ajiyarsa suna da iyakar sau nawa za a goge a sake rubutawa. A cikinsa akwai wani ɗan ƙaramin kwakwalwa da ke jujjuya bayanai daga ɗaki zuwa ɗaki don kada wani ya riga wani tsufa. In wuta ta yanke yana tsakiyar wannan kwashe-kwashen, har fayil ɗin da babu wanda ya taɓa shi zai iya lalacewa.

Saƙon da aka fi gani shi ne "Unable to mount root fs on unknown-block(179,2)". Kada lambobin su tsorata ka: 179 lambar da Linux ke kiran katin memori da ita ce, 2 kuma kashi na biyu na katin, inda manhajar take. Kanel na cewa ne ya tashi lafiya, ya je gidansa ya tarar ƙofa ba ta buɗuwa.

Sai kuma jabun kati, wanda aka rubuta masa gig 64 alhali cikinsa bai wuce 8 ba. Zai yi aiki sumul har ranar da ya cika, daga nan ya fara rubuta sabo a kan tsoho. Araha dai ba ta ado. Manhajar f3 ko H2testw tana cika kati da bayanai ta sake karantawa, ta faɗa maka gaskiyar girmansa. A yi wannan gwajin tun ranar da aka saya.

Ga na'urar da aikinta bayarwa ne kawai, kamar rumbun karatu, akwai magani mai sauƙi. A cikin raspi-config akwai zaɓin da ke mayar da katin na karatu zalla, duk wani sabon rubutu ya tsaya a RAM. A ɗauke wuta sau goma a rana, katin bai san an yi ba. Kuma a ajiye kati na biyu mai kwafin komai a aljihun tebur. Tafiya Zuru ko Koko neman kati saboda na'ura ta tsaya ranar Litinin da safe ba ƙaramin ɓata lokaci ba ne.

Zafi fa? Abin mamaki, bai cika kashe allon kai tsaye ba. In furosesa ya kai digiri 80 yakan rage gudu da kansa, a 85 ya ƙara ragewa, sai dai ka ga komai ya yi nauyi. Amma a bazararmu da iska kanta ke kusan digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka, caja mai arha ce ke fara galabaita, sai a koma maganar wuta. A sa wa allon ƙarfen zuƙe zafi, a ba shi iska, a kakkaɓe ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Umarnin vcgencmd measure_temp zai nuna maka zafinsa.

Wani labari da nake so yana nuna nisan da sanadi kan yi da inda ake nemansa. A Fabrairun 2015, jim kaɗan da fitowar Raspberry Pi 2, aka gano tana mutuwa nan take idan an ɗauke ta hoto da kyamara mai walƙiyar zenon. Ashe wani ɗan guntun sassan wuta ne a kan allon da ba shi da rufi, hasken yana ratsa silikon ɗinsa ya rikita bolt. Maganin da aka samu: a liƙa masa ɗan abin da zai tare haske. Babu layin manhaja ko ɗaya da aka gyara.

Ranar da kanel ne da kansa

Yana faruwa. Alamarsa ita ce maimaituwa: ka soka wata 'yar sandar Wi-Fi ya faɗi, ka sake ya sake faɗuwa, sunan sashe ɗaya ke fitowa a rubutun, kuma ka canza caja da kati abin bai canza ba. Ko kuma matsalar ta fara ne daidai ranar da aka sabunta manhaja. A nan sai a koma tsohon kanel ɗin da ke aiki, a kai rahoto tare da cikakken rubutun da wayar siriyal ta kama. A guji umarnin rpi-update, domin kanel na gwaji yake saukowa da shi, masu allon da kansu sun gargaɗi mutane a kansa. In an ƙara wa furosesa gudu fiye da na kamfani, a mayar da shi yadda yake kafin a zargi kowa. Alluna masu arha da ke amfani da furosesan Allwinner ko Rockchip sukan zo da tsohon kanel da kamfani ya yi wa kwaskwarima ya bari. Ga irinsu, manhajar Armbian ta fi samun kulawa.

Duk gwajin da za ka yi, canza abu ɗaya tak a lokaci guda, ka matsa wa allon da stress-ng na wasu sa'o'i, ka rubuta sakamako. In ka canza caja da kati da manhaja rana ɗaya ya warke, ba ka san wanne ne ba, kuma cajar nan za ta koma kan wani allon.

Ga na'urar da aka kafa a ƙauyen da sai an hau babur kafin a je, akwai maigadi a cikin furosesan kansa. Wani ɗan agogo ne da manhaja za ta riƙa taɓawa a kai a kai; in aka yi kamar daƙiƙa 15 ba a taɓa shi ba, sai ya sake kunna allon. Ana tada shi da layin RuntimeWatchdogSec a saitin systemd, a ƙara da kernel.panic=10 don kanel ya tashi da kansa daƙiƙa goma bayan ya tsaya. Sai dai maigadin nan yana ɓoye ciwo, don haka a sa allon ya riƙa ƙirga sau nawa ya tashi, a ajiye ƙirgar a wata filashi daban, duk wanda ya kai ziyara ya duba.