Foklif da Duro: Mene Ne Ke Riƙe da Kilo 200 a Sama?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ko rashin sabis ya hana su saurare.

Yau maganar duro za mu yi. Eh, duro dai, na mai. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko ya tsaya bakin shagon masu baƙin mai a Ƙauran Namoda, ya san yadda muke sauke shi daga mota: a ajiye tsohuwar taya a ƙasa, a turo duro ya faɗo tim, ko a jingina katako biyu ƙarti su tare shi da ƙirji. Tun 1929 da layin dogo ya iso Ƙaura, kafaɗar leburori ce injin lodinmu. To amma matasanmu na Ƙaura da Zurmi da ke tafiya neman aiki Sharaɗa ko Bompai a Kano, ko tashar tsandauri ta Funtuwa da aka buɗe a 2024, can za su tarar foklif ke wannan aiki, wato motar nan mai yatsun ƙarfe biyu a gaba.

Yatsun nan don katakon ɗora kaya aka yi su, ba don abu mai mulmulawa ba. Shi ya sa ake zura musu wani ƙarfe na daban, mariƙin duro. Akwai mai rungumar cikin duron, akwai mai juya shi a tsiyaye, amma wanda za ka fi gani shi ne mai kama da bakin aku, wanda ke cizon leɓen duro ta sama.

A nan nake so mu daɗe. Duro na ɗaukar wajen lita 200. In ruwa ne a ciki, kilo 200 ke nan, ga nauyin ƙarfen kansa kusan 20. Dizal ya ɗan fi sauƙi, wajen kilo 170. Amma in asid ne mai ƙarfi, irin wanda ake sirkawa a yi ruwan batir, ya haura kilo 360. Duro iri ɗaya, fenti iri ɗaya. Ido ba mudu ba ne, kuma a nan ko kimar ma bai sani ba, sai ka karanta takardar da ke jiki. Duk wannan nauyi, abin da ke riƙe da shi a sama ɗan haƙorin ƙarfe ne da bai kai faɗin tafin hannunka ba.

Kuma yawancin masu bakin akun nan, nauyin duron ne ke matse cizon. Yana jan ƙasa, baki na ƙara damƙewa. To ka ga matsalar? In ka faɗa rami da gudu, duro ya yi tsalle, na ɗan wannan lokacin nauyin ya sauka daga bakin, cizo ya sassauta. Shi ke nan, sai ka ji ƙara. An ƙera abin ne da tunanin daɓen siminti mai santsi, mu kuwa mun san harabar sito a ƙasar nan, rabi siminti rabi jar ƙasa, damina ta zo ta yi mata kwazazzabai. Haka duron da babu komai a ciki, bai da nauyin da zai sa a cije shi da kyau. Mai rabin mai kuwa ya fi cikakke rigima, don man na kai-komo a ciki, ka taka burki shi bai tsaya ba.

Saboda haka kafin ka ɗaga, dubi leɓen. Duron da aka saba jefowa kan taya, leɓensa ya lotsa ko ya yi tsatsa, kar ka ba bakin aku shi. Na roba ma, sai in mariƙin an yi shi don na roba. Ka ɗaga kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ka dakata ka ga ya zauna, ka ɗan kwanto sandar gaba baya, sannan ka tafi a hankali a haka, ƙasa-ƙasa. A gangare, kaya su riƙa kallon tudu, wato da baya ake sauka.

Wani abin da ake rainawa: mariƙin kansa zura shi kawai aka yi a yatsu. Akwai kusoshin ɗaurewa, akwai sarƙar da ake maƙalawa a jikin motar. Direba na sauri, oga na masa tsawa, sai ya ce ai duro biyu ne kacal. Ya taka burki, mariƙi da duro su zame gaba tare. Minti ɗaya ake ɗaure sarƙar nan wallahi.

Sai lissafin ƙarfi. Tan biyu da rabi da aka rubuta a farantin foklif, ana nufin in tsakiyar nauyin kayan na kamar santimita 50 daga gindin yatsu. Mariƙi na tura duro can ƙarshen yatsu, ƙarfin na iya sauka kusan rabi. Kamar bokitin ruwa ne, riƙe shi a jikinka daban, miƙe hannu da shi daban. Duro ɗaya ba zai gagari babbar mota ba, amma ƙaramar foklif da mariƙi mai ɗaukar biyu ko huɗu, a ɗaga sama, ƙafafun baya na iya barin ƙasa. Shi ma mariƙin yana da nasa farantin, kuma ƙaramar lambar cikin biyun ita ce iyakarka. In mota ta tashi kifewa, kar ka yi tsalle, rumfar ƙarfen ce ke danne masu tsalle. Bel a ɗaure, ka ƙanƙame sitiyari.

Kulawa ba ta da tsada. Kullum da safe ka duba haƙoran ko sun cinye, sifirin ko ya saki, walda ko ta tsage. Giris a mahaɗai, amma kar ya taɓa haƙoran, a goge su tas, musamman lokacin hunturu da ƙura ke cakuɗuwa da mai ta zama laka. Yatsun ma suna cinyewa ta dunduniya: in kaurinsu ya ragu da kashi 10 cikin 100, ƙarfinsu ya ragu da wajen kashi 20, sai canji.

Na san halinmu, wani zai ce a kai wa mai walda ya ƙera irinsa da rodi. Ina girmama maƙeranmu, amma abin da ba a gwada shi da nauyi ba, ba wanda zai iya rubuta masa lamba, kuma ɗan'uwanka ne ke tsaye a gefe. Shi ma na gefen, kar ya sa hannu ya tallafi duro yana sama, in ya zame ba ƙaton da zai tare shi.

Masu tambaya a kan yanka tsohon duron fetur da wuta don yin murhu ko rariya, ku dakata tukuna, tururin da ya rage a ciki na fashewa ko da duron ya bushe. Shi za mu ɗauka a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. A turo tambayoyi. Wassalamu alaikum.