Aji ɗaya a jami'a: lissafi kan fara tun ɗalibi bai gama gane hanya ba

Jami'o'i sun sa unguwar Kuchigoro ta Abuja a tsakiya. Jami'ar Baze, wadda Yusuf Datti Baba-Ahmed ya kafa a 2011, sunan unguwar ma ke cikin adireshinta, ga kuma Jami'ar Nile nan kusa a kan hanyar da ke ɓullewa Jabi. Sai dai duka biyun masu zaman kansu ne, kuɗinsu a miliyoyi ake lissafa shi. Ɗan mai shago ko ɗiyar direba, in Allah ya ba da gurbi, titin filin jirgi za a bi, a wuce Lugbe a nufi Giri, inda babbar harabar Jami'ar Abuja take, wadda aka kafa a 1988. Wasu kuma su ɗaure kaya sai Keffi, Zariya ko Kano.

Ranar da suna ya fito, gida kan cika da masu barka, kowa na cewa an huta. A lokacin ne aikin ya soma, kuma abin da ke kayar da yara a aji ɗaya ba kasafai yake zama wuyar karatu ba. A sakandare akwai ƙararrawa, akwai malamin aji mai kiran suna, akwai bulala. A jami'a malami zai shigo zauren da ke cike maƙil, ya yi lakcarsa ta awa biyu ya fita. Wanda ya zo da wanda ya yi barci a ɗaki duk bai san fuskarsu ba. Yaro sai ya ɗauka babu mai kallonsa. Akwai mai kallo, sunansa CGPA, kuma ba ya mantuwa.

Ga yadda yake aiki a yawancin jami'o'inmu. Wanda ya ci 70 zuwa sama ya samu A, maki 5 ke nan. Daga 60 zuwa 69 B ne, maki 4. C maki 3. Haka ake gangarowa har ƙasa da 40, inda ake samun F, babu ko ɗaya, kuma kwas ɗin ya zama kerioba, sai an sake shi baɗi. Ana ninka makin kowane kwas da yawan yunit ɗinsa, a haɗa, a raba. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, ta biyu babba kuma daga 3.50. To, a ce ɗalibi mai karatun shekara huɗu ya yi wasa ya gama aji ɗaya da 2.00. In yunit ɗin kowace shekara daidai yake, sai ya riƙa samun 4.00 a duk shekaru ukun da suka rage kafin ya taɓa 3.50 da ƙyar. Wato B a jere, shekara uku, babu tuntuɓe, a daidai lokacin da kwasa-kwasan ke ƙara tauri. Wannan lissafin ya kamata a fara yi wa sababbin ɗalibai ranar rantsarwa, kafin dogayen jawabai.

Makin ma ba a zauren jarrabawa kaɗai ake tara shi ba. Kashi 30 ko 40 daga tes da asamen yake fitowa, kuma a ƙa'ida wanda bai halarci kashi 75 na lakca ba ana iya hana shi zama jarrabawar. Kwasa-kwasan GST da kowa ke rainawa, na Turanci da na al'adun mutanen Najeriya, su ma yunit gare su.

Mai jeka-ka-dawo daga Kuchigoro yana da tasa matsalar daban, kuma rabinta daga gida take. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuɗin mota ya zama wani kuɗin makaranta na biyu. Lakcar ƙarfe takwas na nufin a tsaya bakin titi tun gari bai gama wayewa ba, ana leƙen kowace mota don gudun 'yan wan-cans masu fashi a cikin mota. Ya dawo da almuru a gajiye, sai ya tarar da aike na jiransa: "Tunda ka dawo, je ka tsare shago." Ita kuwa budurwa tukunya ce ke jiranta da wankin ƙanne. Iyaye ba da mugunta suke yi ba. Gani suke tunda ba kullum ake lakca ba, sauran lokacin hutu ne. Alhali awa biyu a aji tana buƙatar wasu awanni a gaban littafi. Baba da Inna, in kun ba shi kuɗin mota kun hana shi lokaci, rabin ɗawainiyar kuka yi.

Sai kunya. Yaron da ya fito daga makarantar gwamnati yakan kame bakinsa a aji don kada a yi wa Turancinsa dariya, ya bar tambayar ta kwana a cikinsa har jarrabawa. Matambayi ba ya ɓata. Kowane aji yana da kodineta da aka ɗora wa duba rajistar ɗalibai. Kafin ka danna komai a fotal, ka kai masa takardar kwasa-kwasanka ya gani, don kwas ɗin da ba ka yi wa rajista ba, ko ka ci 90 ba za a lissafa maka ba. Ɗalibin aji uku a sashenku ya fi kowa sanin tsofaffin tambayoyi da halin kowane malami, nemi ɗaya mai hankali ka riƙe. Ka kuma duba cewa sunanka na cikin jerin ɗaliban da JAMB ta tabbatar, don rashinsa kan hana tafiya bautar ƙasa bayan an gama.

Game da kuɗi, asusun bashin karatu na NELFUND ya buɗe a Mayun 2024. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ya kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu ruwa a kai, amma ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai yake ɗauka. Za a nemi lambar JAMB, NIN da BVN, saboda haka a tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a kan dukkansu kafin a fara cikewa.