SHA-KAUCI DA ITATUWAN GONA A ƘASAR ZURU

Duk wanda ya ratsa duwatsun Zuru da Dabai da rani, ya san yadda minjirya da gurjiya ke yin ja wur da fure. A kan irin waɗannan itatuwa a kan ga wani ɗan tsuntsu, bai kai gwara ba, da dogon baki siriri mai lanƙwasa. Shi ne sha-kauci, waɗansu kuma su ce sha-huda. Ya kamata manomi ya san halinsa, domin yana da alaƙa da lafiyar kaɗanya da ɗorawa.

Iri-iri ne. Akwai baƙi mai jan ƙirji da koren goshi, akwai kuma kore mai walƙiya da dogon wutsiya. Wannan ado duk na namiji ne. Macen kuwa ba ta da kwalliya, launinta ya yi kusa da na ƙasa. Ita ce ke saƙa sheƙa da ciyawa da yanar gizo, ta rataye ta a reshe kamar zabira, da ƙofa a gefe. Ƙwai 1 ko 2 take yi, ta kwanta a kai wajen mako 2.

A ƙasashen Amurka akwai masu kama da shi, fiye da iri 300, waɗansu har a dazukan kan duwatsu masu sanyi. Su suna iya tsayawa cik a iska suna shan fure, har su yi baya-baya. Mafi ƙanƙanta a cikinsu yana tsibirin Kuba, nauyinsa kamar giram 2 ne kawai. Amma ba dangin namu ba ne, abinci ne ya zo ɗaya. Namu ya fi son ya sauka a reshe tukuna, sa'an nan ya sha.

Abincinsa ruwan zaƙin da ke cikin fure ne, da ƙananan ƙwari da gizo-gizo. Da ƙwarin nan yake ciyar da 'ya'yansa, watau yana rage wa gona ɓarna ke nan. In ya zura baki cikin fure, garin furen ya kan manne masa a kai, ya kai shi ga wani furen. Ta haka itace ke samun 'ya'ya.

To, ga inda maganar kauci ta shigo. Kauci ba shi da saiwa a ƙasa. A jikin reshe yake kafa tushensa, yana tsotse ruwan itacen. In ya yi yawa a kan kaɗanya ko ɗorawa, sai 'ya'ya su ragu, rassa su bushe, wani lokaci itacen ya mutu ɗungum. Furensa a rufe yake, sai tsuntsun nan ya taɓa shi da baki ya kan tsage, ya watsa masa gari.

Saboda haka waɗansu ke cewa a bar yara su harbe shi da danƙo. Wannan kuskure ne. Ba shi ke shuka kauci ba. Masu cin 'ya'yan kaucin su ne ke yaɗa shi, musamman wani ɗan tsuntsu mai rawayan goshi, wanda kukansa ya yi kama da bugun maƙeri. Ƙwayar tana da yauƙi kamar ƙaro, in ya amayo ta sai ya goge a reshe, nan take tsira. Tsuntsayen daji kuwa ba mai iya ƙare su da harbi.

Maganin abin yana hannun mai gona. Lokacin hunturu, da kaɗanya ta kaɗe ganye, kauci ya kan fito fili kore shar. Sai a hau da gatari ko adda mai kaifi, a sare reshen daga ƙasan kumburin da kaucin ya yi. In ganyen kaɗai aka tsinke, zai sāke tohowa. A yi ƙoƙari a sare tun 'ya'yansa ba su nuna ba, a kuma yi aikin tare da maƙwabta, gama kaucin gonar wani shi ne irin na taka.

Man kaɗe da daddawa dukiya ce babba ga matan ƙasar Zuru, da fatake masu saye a kasuwanninta. A sare kauci, a ƙyale tsuntsu ya ci gaba da cin ƙwarinsa.