Makarantun Coci a Ingila: Aƙidar da Ake Tafiyar da Su a Kanta

A Ingila, cikin kowace makarantar firamare huɗu da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, kusan ɗaya ta Cocin Ingila ce, wato uwar ɗariƙar Angilikan. Idan aka haɗa da na sakandare, makarantun cocin sun haura 4,600, yaran da ke karatu a cikinsu kuwa sun kai kimanin miliyan ɗaya. Ba makarantun kuɗi ba ne. Iyaye ba sa biyan ko sisi, albashin malamai daga baitulmali yake fitowa, manhajar lissafi da kimiyya kuma iri ɗaya ce da ta sauran makarantu.

Abin da ke ɗaure kai shi ne ƙasar da ake wannan abu a cikinta. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa kashi 46 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales ne kawai suka ce su Kirista ne, kashi 37 suka ce ba su da addini, Musulmi kuma sun kai kashi 6.5. Masu zuwa sujadar Lahadi a kai a kai ba su kai ko kusa da adadin waɗanda suka ce su Kirista ne ba. Ke nan akasarin yaran da ke cika azuzuwan makarantun coci daga gidajen da ba a zuwa coci suke fitowa. A wasu unguwannin Bradford da Blackburn da Birmingham ma, akwai makarantun da giciye ke jikin bajen rigarsu amma yawancin ɗalibansu 'ya'yan Musulmi ne. To me ya rage da zai sa a kira irin wannan makaranta ta coci?

Sai an koma baya kafin a gane amsar. A 1811 wani attajirin ɗan kasuwa a Landan, Joshua Watson, tare da wasu malaman coci suka kafa ƙungiyar National Society. Burinsu shi ne a sami makaranta a kowace gundumar coci, domin 'ya'yan talakawa, a zamanin da yara ƙanana ke wuni a masaƙu da gonaki kuma gwamnati ba ta ga karatunsu a matsayin aikinta ba. Malamai sun yi ƙaranci, don haka aka ɗauki dabarar Andrew Bell, wanda ya gwada ta a Madras ta Indiya: malami ɗaya ya koyar da manyan yara, su kuma su juya su koyar da ƙanana. Sai a 1833 majalisar dokoki ta fara ba da tallafin gina makarantu, fam 20,000, aka raba tsakanin wannan ƙungiya da wata takwararta ta Kiristocin da ba sa bin cocin gwamnati. Lokacin da dokar ilimi ta 1870 ta zo, coci ya riga ya shimfiɗa dubban makarantu. Gwamnati ta gina nata ne a wuraren da aka sami giɓi.

Tsarin da ake kai a yau ya samo asali ne daga dokar 1944, wadda ministan ilimi R. A. Butler ya ƙulla bayan doguwar tattaunawa da Akbishop William Temple na Kantabari. Gine-ginen coci sun tsufa, kuɗin gyara babu, gwamnati kuma ba za ta iya maye gurbinsu duka ba. Aka yi ciniki. Makarantar da za ta iya ɗaukar wani kaso na kuɗin gini, wanda a farko rabi ne amma yanzu ya sauko zuwa kashi 10 cikin ɗari, coci ne zai riƙe rinjaye a hukumar gudanarwarta, hukumar ce za ta ɗauki malamai ta kuma tsara sharuɗɗan karɓar yara. Wadda ba za ta iya ba, ƙaramar hukuma ta karɓi ragamarta, coci ya tsira da 'yan kujeru da kuma sunansa a ƙofa. Dokar ce kuma ta wajabta taron ibada na kowace rana a dukkan makarantun gwamnati, tare da bai wa iyaye 'yancin cire ɗansu daga ciki.

Tun daga farko manufa biyu ke jan wannan aiki, kuma ba kullum suke tafiya tare ba. Ɗaya ita ce hidima ga duk yaron da ke unguwa, ko wane ne ubansa. Ɗayar ita ce renon 'ya'yan mabiya cikin bangaskiyarsu. A ƙauyen ƙarni na sha tara, inda kusan kowa ɗan coci ne, ba a ganin bambancin. Yanzu ya fito fili.

A 2016 cocin ya fitar da takardar hangen nesansa kan ilimi, wadda wani rukunin masana ƙarƙashin jagorancin Farfesa David Ford na Jami'ar Kambirij ya taimaka wajen tsarawa. Ginshiƙinta aya ce daga Bisharar Yohanna, sura 10 aya 10, inda Yesu ke maganar cikakkiyar rayuwa. Daga nan aka fitar da abubuwa huɗu da ake son ilimi ya gina a cikin yaro: hikima, bege, zaman tare, da mutunci. Takardar ta yi ƙoƙarin riƙe igiyoyin nan biyu a hannu ɗaya: makarantar ta kasance mai zurfi a Kiristanci, amma amfaninta na kowa ne. Ba a kafa ta don juya addinin kowa ba, ba kuma za ta ɓoye inda ta samo dalilanta ba.

Kowace makaranta ana sa ran za ta sassaƙa nata hangen daga wannan, gwargwadon halin mutanenta, ta kuma jingina shi ga wani wuri a Littafi Mai Tsarki. Wasu sukan ɗauki misalin ƙwayar mastad da ta girma ta zama itace, musamman ƙananan makarantun ƙauye. Waɗanda ke unguwannin da aka cakuɗa ƙabilu da addinai sukan karkata ga labarin Basamariye mai kirki, wanda ya tsaya ya ɗauki baƙon da aka yi wa fashi bayan manyan masu addini sun wuce shi. Daga nan sai a zaɓi 'yan ɗabi'u, kamar gafara, amana, juriya, tausayi da godiya, a riƙa ɗaukar ɗaya ana nazarinta na tsawon wasu makonni.

Wurin da baƙo zai fi ganin abin da idonsa shi ne taron ibada. Yara na shigowa zaure aji bayan aji, su zauna a ƙasa cikin layi. A gaba akwai ƙaramin tebur da aka lulluɓe da ƙyalle, launinsa na bin kalandar coci: shunayya a makonnin da ke gabanin Kirsimeti da na azumin da ke gabanin Ista, fari a lokutan bukukuwan biyu, kore a sauran yawancin shekara. A kai akwai Littafi Mai Tsarki da giciye da kyandir, kuma sau da yawa yaro ne ake kira ya taya kunna shi. A ba da labari, a rera waƙa, a yi shiru na ɗan lokaci. Idan aka zo addu'a, malama takan ce wanda yake so addu'ar ta zama tasa ya ce amin, wanda ba ya so ya saurara cikin natsuwa. Wannan ɗan zaɓi ba ƙaramin abu ba ne. Jagorar cocin ta ce ibadar makaranta gayyata ce, kada a sa yaro ya furta abin da bai gaskata ba, kuma malamin da ya riƙe wannan da gaske ya kare martabar yaron da ta addinin gaba ɗaya.

A watan Disamba akwai bikin Christingle, wanda ya samo asali daga cocin Morabiya a Jamus a 1747, ƙungiyar The Children's Society kuma ta shigo da shi Cocin Ingila a 1968. Kowane yaro na riƙe lemon zaƙi da aka ɗaure da jan zare, an kafa kyandir a samansa, an soke shi da tsinke huɗu masu ɗauke da alewa da busassun 'ya'yan itace. Lemon duniya ce, kyandir ɗin Almasihu ne a matsayin haske, tsinkayen kuma yanayi huɗu na shekara da albarkarsu. Kuɗin da aka tara a wurin yakan tafi ga yara masu cikin ƙunci. A lokacin kaka kuma akwai bikin godiyar girbi, inda yara ke kawo abincin gwangwani da taliya a kai wa cibiyoyin rabon abinci na unguwa.

Darasin addini daban yake da ibada. Cocin na son aƙalla rabin lokacinsa ya tafi kan Kiristanci, sauran kuma kan Musulunci, Yahudanci, addinin Hindu, na Sikh da ma ra'ayin waɗanda ba su yarda da addini ba, a koyar da su a matsayin ilimi, ba wa'azi ba.

Rubuta kyawawan kalmomi a bango abu ne mai sauƙi, shi ya sa ake bin sawu. Ban da Ofsted, hukumar gwamnati mai duba ingancin karatu, makarantun Angilikan da na Methodis suna da nasu binciken mai suna SIAMS, wanda doka ta tanada, ana yin sa kusan duk shekara biyar. Tun 2018 aka karkata binciken kacokan ga tambaya ɗaya: shin hangen da makarantar ta rubuta yana aiki a rayuwar yara da manya? Mai binciken zai zauna da yara ya ji ko sun san labarin da ke bayan taken makarantarsu. Zai duba yadda ake yi da yaron da ya yi laifi, ko ana ba shi damar gyara ɓarnarsa ya nemi gafara ko kuwa kora ce kawai. Zai tambayi yadda ake kula da masu buƙata ta musamman, da ko malamai suna samun mai jin kukansu, da ko yara sun taɓa tashi da kansu kan wani zalunci da suka gani. Daga Satumbar 2023 aka daina ba da maki mai hawa-hawa, aka koma bayyana ko makarantar tana cika amanar kafuwarta ko akwai inda ta gaza.

Sai dai akwai wurin da sukar ke da nauyi, kuma bai kamata a kau da kai ba: ƙofar shiga. Makarantar da coci ke da rinjaye a cikinta tana da ikon fifita 'ya'yan masu zuwa sujada idan masu nema sun fi gurbi yawa. Iyaye sukan kai fom wurin limamin coci ya sa hannu cewa ana ganinsu ranar Lahadi, kuma sananne ne a Ingila cewa wasu kan fara zuwa coci ne daidai lokacin da ɗansu ya kusa shiga makaranta. Waɗanda suka san dawan garin su ke cin riba, galibi masu hali da ilimi. Uwar da ke aikin dare, ko dangin da suka zo ƙasar jiya, ba su san ana yin haka ba. Wani rahoton cibiyar Education Policy Institute a 2016 ya gano cewa makarantun addini, a dunƙule, suna ɗaukar 'ya'yan marasa ƙarfi ƙasa da sauran makarantu, kuma idan aka yi la'akari da irin yaran da suke ɗauka, fifikon sakamakonsu yakan ragu ƙwarai. Ƙungiyoyi irin su Humanists UK da Accord Coalition, wadda malamin Yahudawa Jonathan Romain ya jagoranta na tsawon shekaru a baya, suna neman a daina zaɓen yara ta addini a makarantar da kuɗin kowa ke ɗauke da ita.

Cocin na amsawa cewa da yawa daga makarantunsa, musamman na karkara, ba sa tambayar addinin kowa, yaron da ya fi kusa shi ke shiga. Gaskiya ne. Amma makarantar da aka kafa domin 'ya'yan talakawa, ta kuma rubuta mutuncin kowane yaro a cikin takenta, ita ce ta fi cancanta a tambaye ta wa ta bari a waje. A cikin cocin kansa akwai limamai da shugabannin makarantu da suka soke sharaɗin zuwa sujada saboda wannan dalili.

Wata matsalar kuma ta ma'aikata ce. Doka ta yarda makarantun da coci ke riƙe da ragamarsu su nemi shugaba mai bin addinin a aikace, amma irin waɗannan mutane sun yi ƙaranci, makarantun ƙauye masu yara 'yan tsiraru kuma sukan haɗa shugaba ɗaya tsakanin biyu ko uku. Limami ɗaya ma yakan kula da coci-coci da yawa, ba ya samun leƙa makaranta kowane mako kamar dā. Don haka cocin ya shiga horar da shugabannin makarantu da kansa, kuma hukumomin ilimi na dayosis-dayosis, wato yankunan da bishop-bishop ke kula da su, suna koya wa malamai, har da waɗanda ba Kirista ba, yadda za su jagoranci taron ibada ba tare da sun yi wa kansu ko yaran ƙarya ba.