Tsoron da ke zaune a ƙaramin gari

Shirinmu na musamman na yau zai leƙa wani irin ƙagaggen labari da marubutan Amurka suka yi fice a kai, wato labarin al'ajabi da ban tsoro wanda ake kafawa a ƙaramin gari, inda kowa ya san kowa.

A watan Yuni na 1948 mujallar The New Yorker ta buga wani gajeren labari na Shirley Jackson mai suna The Lottery. Ƙauye ne na mutum kamar 300. Gari ya waye lafiya lau, yara suna tara duwatsu a dandali, maza suna hirar noma, mata sun baro aikin gida sun fito. Aka kawo wani tsohon baƙin akwati, kowane magidanci ya sa hannu ya zari takarda. Ƙuri'a ta faɗa gidan Hutchinson, aka sake zara a cikin gidan, ta faɗa kan uwargida Tessie. Nan take maƙwabtanta suka rufe ta da jifa, don haka aka saba kowace shekara. Har ƙaramin ɗanta sai da aka miƙa wa tsakuwa. Babu aljani a labarin nan, babu dodo. Amma ɗaruruwan wasiƙu suka yi ta kwarara ofishin mujallar, wasu ma suka daina sayenta don fushi.

To, me ya girgiza su haka? A birni, wanda ake tsoro baƙo ne. A ƙaramin gari kuwa, hannun da ya ɗauki dutsen shi ne wanda kuka gaisa da shi da safe. Ga shi babu wurin gudu: ɗan sanda surukin wani ne, likita ya san asirin kowane gida, hanya ɗaya ce ta fita. A nan daɗin irin wannan labari yake, kuma marubucin da ya gane haka ba ya bukatar zubar da jini da yawa.

Stephen King, ɗan jihar Maine, ya gane. A littafinsa It na 1986, wani mugun abu yana farkawa a garin Derry duk bayan shekara 27 yana cinye yara. Abin da ya fi tayar da tsikar jiki shi ne manyan garin, waɗanda suke gani su kau da kai. A Meziko kuma, Juan Rulfo ya fitar da Pedro Páramo a 1955. Wani saurayi ya je garin Comala neman mahaifinsa saboda wasiyyar da mahaifiyarsa ta bar masa. Ya yi ta hira da mutanen gari, sai a hankali ya fahimci duk matattu ne. Mahaifin nasa, mai gonaki da iko, shi ya naɗe hannu ya bar garin ya mutu da yunwa. Fatalwar Comala zalunci ne ya haife ta, shi ya sa mai karatu ba ya mantawa da ita.

Sai dai fa, masu sauraro, akwai inda gizo ke saƙa. Mai ƙulla sirri dole wata rana ya kwance shi, kuma a nan da yawa suke faɗuwa. Bayan shafi fiye da 1,000, dodon Derry ya bayyana a siffar wani ƙaton gizo-gizo, kuma ni a ganina tsoron ya ragu a wurin. Shirin talabijin na Twin Peaks, na David Lynch da Mark Frost, ya riƙe Amurka a 1990 da tambayar wa ya kashe Laura Palmer. Da aka ba da amsa a zango na biyu, masu kallo suka watse, aka dakatar da shirin a 1991.

Aibin da ya fi damuna ya wuce wannan. Wasu marubutan ba sa iya ɗora laifi a kan ɗan gari, sai sun nemo bare. H. P. Lovecraft ya rubuta labarin garin Innsmouth a 1931, inda masifar garin ita ce auratayya da wasu halittun teku, kuma ƙyamar da yake wa baƙi da sauran jinsuna a bayyane take a cikinsa. King ma a Pet Sematary na 1983 ya binne sharrin a maƙabartar 'yan asalin ƙasar, mutanen da aka ƙwace wa ƙasa tun farko. Sannan ga masu kwaikwayo da ba su taɓa kwana a ƙauye ba, waɗanda ke zana mutanen karkara a matsayin jahilai masu zare ido, su ƙara hazo da tsohon coci, su ce sun gama. Wannan raini ne, kuma mai karatu yana jin ƙamshinsa.

Don haka duk wanda zai shiga wannan fage, ina ba shi shawara ya fara da Shirley Jackson da Juan Rulfo, don su ne suka ɗauki mutanen garuruwansu da muhimmanci. Labarin Jackson ba zai ci maka rabin awa ba. Ku nema ku karanta.