Kitson da ke Cin Goshi

  Gaisuwar yau ta musamman ce ga matan Wurno da Rabah da Goronyo, har da na rugage da ke bakin gulbi, domin zancen namu ya fi shafar masu dogon gashi mai laushi da murɗe-murɗe, irin wanda akan ce gashin Fulani, wanda Allah ya wadata yankin nan da shi. Za ki ga mace gashinta har gadon baya, amma in ta zame ɗankwali sai ki tarar gaban kai ya ja baya, gefen kunne fayau kamar an sa aska. Wasu su ce gado ne, wasu su ce baki ne, wasu su ce rashin mai ne. A mafi yawan lokuta kuwa, ja ne kawai. Kitso ne ya ci goshin.

Bari mu fara da yadda abin yake. Kowane silin gashi yana da ɗan raminsa a cikin fatar kai, can saiwarsa take. Na goshi da na gefen kunne su ne suka fi siranta, su ne kuma kitso ya fi ɗaure wa nauyi, tunda daga nan ake kamo shi a ja baya. In aka ja da ƙarfi, bakin ramin yakan kumbura, shi ne 'yan ƙurajen nan da kike gani a bin tsaga kwana biyu bayan kitso. Gashin ya fita, wani ya tsiro, a sake ja, ya sake fita. Shekara ɗaya, shekara biyu, ramin yana haƙuri. Amma in abin ya ɗauki shekaru, sai ramin ya toshe da tabo, wurin ya yi sumul yana ƙyalli. To a nan ne maganar ta yi nauyi, domin ramin da ya toshe babu man da ke buɗe shi, komai tsadarsa.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A shekarar 2007 likitocin fata a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu sun fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan kawunan jama'a. Sun sami wannan cin goshi a kusan mace 1 cikin kowace 3, a 'yan mata 'yan makaranta kuwa kimanin 17 cikin 100. Waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna su ne masu sa man miƙar da gashi, rilaksa ke nan, sannan su ɗora kitso mai tsauri a kai. Ku lura da 'yan makarantar nan. Ashe tun mutum yana ƙarami ake fara ɓarnar.

Mu ma haka ne. Duba jajibirin sallah a kowane gida. An danne yarinya tsakanin ƙafafu, tana kuka, makitsiya na cewa, "Daure ɗiyata, ado sai da wuya." Uwa kuma daga bakin murhu tana ƙara wa wuta itace: "Kama min shi da kyau Gwaggo, kitson ga ya kai mu wata guda." A gama, girar yarinya ta ɗage sama, ba ta iya sunkuyar da kai, dare ya yi ta kasa sa kai a matashi. Mu kuma mu ce kitso ya kamu. Ni dai a ganina wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Ba kuma laifin makitsiya ba ne ita kaɗai, domin in ta sassauta hannu mu ne za mu fara cewa ba ta iya ba, mu koma wurin wata.

Ma'aunin ba shi da wuya. Kitson da ya hana ki barci, ko ya sa ki neman maganin ciwon kai, ko ya fito da ƙuraje, ya yi tsauri. Kada ki jira ya saki da kansa, kada kuma ki ɗora tsumma mai ɗumi ki ce zai lafa. Warware layin gaban nan a ranar. Asarar kuɗin kitso ɗaya ba ta kai asarar goshi ba.

Sai mu zo kan 'yan gajerun gashin nan da ke tashi a goshi, waɗanda ba su kai a kama su cikin kitso ba. Su ne ke ba masu gashi mai murɗa haushi, musamman da hunturu, sa'ad da iska ta bushe, hijabi na goga kai har ki ji yana 'yar ƙara in kin cire. Dalilin tashinsu shi ne ƙishirwa. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa yana gangara da sauƙi a miƙaƙƙen gashi, amma a mai murɗa sai ya maƙale a hanya, bakin gashin ya bushe, kowace lanƙwasa kuma wurin karyewa ce. Kuskuren da ake yi shi ne a sa tsinke a tsinto su ɗaya-ɗaya a cusa cikin kitso don goshi ya fito tas. Waɗannan fa da yawansu sabon tsiro ne, su ne za su cike gurbin waɗanda suka fita. Ki ce wa makitsiya ta bar miki kamar faɗin yatsa ɗaya a gaba, kada ta taɓa.

Kwantar da su kuwa ruwa ne farko, mai na biye. Mai ba ya jiƙa gashi, riƙe danshi yake yi, saboda haka man da aka shafa a busasshen gashi ƙura kawai zai kwaso. Jiƙa tafin hannu ki shafa goshin, ki lakato man kaɗanya ko man shanu kamar ƙwayar gyaɗa, ki murza a hannu ya narke, ki shafa ta inda gashin ya nufa da kansa. Ɗaura ɗan ƙyalle mai santsi sako-sako na minti 10, ki cire, za ki ga sun kwanta luf. Masu jel da burushi mai tauri kullum safiya su yi hattara, jel ɗin in ya bushe ƙandarar da gashin yake yi, gobe a sake karta, ya ƙarasa karyewa.

Wanki ma akwai magana. Kanwa da garin sabulun wankin tufa suna kwashe maiƙon kai ƙarƙaf, a bar su wurin tukunya da tufafi. Kakanninmu da karkashi suke wanke kai, kuma sun san abin da suke yi. Jiƙa busasshen ganyen a ruwan ɗumi har ya saki yauƙi, ki tace, ki zuba a kai. Santsin nan shi ke sa gashi ya warware ba tare da an fizge shi ba. Ki fara raba shi da yatsu, sannan mataji mai manyan haƙora, daga baki a hauro zuwa saiwa. Bayan tsifa a bar kai ya sha iska ko da kwana 2 ko 3 ne kafin sabon kitso. A riƙa sauya fasali kuma. In wannan karon shuku ne da ya tattara komai ya ja sama, na gaba a yi zane manya-manya da suka gangara gefe, tsagar ma a matsar da ita. Mai sa rilaksa ta bar aƙalla mako 8 tsakanin shafawa da shafawa, kuma kada ta zauna gaban makitsiya sai bayan mako 2. Ƙarin gashi da ulu, ban da abin da malamai suka faɗa a kansu, nauyi ne da siririn gashin goshi ba zai iya ɗauka ba.

Ba kitso kaɗai ke ja ba. Ɗankwalin da ake tamkewa a layi ɗaya kullum, da hular ciki mai roba, da ribom da ake ɗaure dogon gashi da shi tamau, duk suna cin wuri guda. Masu ɗaukar ƙwaryar nono ko tulu su sa gammo mai taushi, ya zauna tsakiyar kai, kada ya zamo gaba. In an yi wanka an jiƙa kai, a bari ya sha iska kafin a ɗaure, jiƙaƙƙen gashi ya fi saurin tsinkewa.

Na san ƙasar Wurno da Goronyo ƙasar albasa da tafarnuwa ce, kuma na san ana daka su a shafa a goshi. Ruwan albasa dai an taɓa gwada shi a wani ƙaramin bincike a Iraƙi a 2002, amma a kan wata cuta ce daban, mai cire gashi kewaye-kewaye kamar kwabo, ba a kan cin kitso ba. Ɗanyar tafarnuwa kuwa ƙona fata take yi har ta tashi bororo, tabon ƙuna kuma ba ya fid da gashi. A bar ta a miya.

Mai jego kuma kada hankalinta ya tashi. Wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa gashi kan zuba da yawa, goshi ya yi sharar-sharar, amma kafin yaro ya shekara galibi ya dawo. Abin da ba a so shi ne a ɗora masa kitso mai tsauri a wannan tsakanin. Ƙarancin jini ma yana zubar da gashi, saboda haka a riƙe ƙwayoyin ƙarin jinin da ake bayarwa wurin awo, a ci wake da zogale da hanta da kifi, tunda ga madatsar ruwan Goronyo kusa.

Gashi kamar santimita 1 yake yi a wata, bai kai faɗin yatsa ba. Wadda ta sassauta kitso yau ta ba shi wata 3 zuwa 6 kafin ta yanke hukunci. In lokacin ya wuce wurin yana nan sumul, ko akwai ƙaiƙayi da ɓawo da ruwa, ko yarinya ce gashinta ke gutsurewa wuri-wuri kamar makero, to a daina gwaje-gwajen kasuwa, a je asibitin gari. In ta kama za su tura ki wurin likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Akwai maganin shafawa da ke taimakon saiwar da ba ta mutu ba, amma likita ke faɗin wadda ya dace da ita, mai ciki da mai shayarwa kuwa ba a ba su shi.